Ƙosan da ya sa ni hawaye a Bahiya

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Na san an yi guna-guni da ban zo hutun bana ba. Daga Lisbon inda nake aiki na saɓa jakar goyo na nufi Barazil, na sauka a birnin Salbado na jihar Bahiya. Na ga abubuwa da yawa, amma ƙosai ne ya tsaya mini a rai.

Ranar farko na hau lif ɗin Lacerda, wanda tun 1873 yake kai mutane daga bakin teku zuwa tudun gari, tsawon mita 72. Daga nan na taka zuwa Pelourinho, tsohuwar unguwa mai gidaje kala-kala. Ma'anar sunan shi ne turken da ake ɗaure bayi a zane su, yau kuwa sai kiɗa da masu hoto. Ban yi taku ashirin ba wani ya ɗaura mini ƙyalle a hannu, wai kyauta. Da na juya zan tafi sai ya sha gabana, sai da na biya. Kowa kuma faɗa maka yake ka ɓoye waya, har ka gaji da ji.

Ina cikin wannan haushi hancina ya jiyo ƙamshin da na sani tun ina ɗan firamare. Wata dattijuwa ce zaune cikin farin kaya fes, da ɗankwali da tsakiya a wuya, tana buga ƙullu da babban cokalin katako. Wake ne aka surfa aka markaɗa da albasa. Wallahi ƙosai ne! Acarajé suke ce masa, ku ji akaran Yarbawa a ciki. Sai dai da manja suke soyawa, kuma guda ɗaya ya kai dunƙulen hannu. Ta tsaga shi biyu, ta zuba wani kauri na gyaɗa da madarar kwakwa, ta ƙara miyar kuɓewa da jatan lande. Ta tambaye ni, "Quente?" Na ce e, a zatona mai zafi daga kasko take nufi. Ashe barkono ne. Ni da na tashi da yajin tsire, sai ga ni ina sharar hawaye a tsakiyar titi, ita da jikarta suna ta dariya.

Da hawayen ya lafa sai na fara lura. Kayanta duk a cikin akwatin gilashi, ba ƙuda ko ɗaya. Mai karɓar kuɗi daban, mai zuba abinci daban. Na biya da kati, na bayana ya biya da Pix, tsarin tura kuɗi na babban bankinsu, nan take ya shiga, ba a tsare shi ana jiran alat ba. Gwamnati ta sa sana'ar nan cikin kayan gadon ƙasa, har rana aka ware wa matan, 25 ga Nuwamba. Baƙi daga Turai layi suke bi don su ɗauki hoto da su.

Mu fa? Mai ƙosanmu a bakin kwata muka bar ta, hayaƙi na cin idonta, tana ƙunshe mana a tsohuwar jarida ko takardar jarrabawa, man ya yi baƙi ƙirin saboda maimaici. Matar da ta biya wa 'ya'ya kuɗin makaranta da kasko, in sun girma kunyar faɗin sana'arta suke ji. "Ɗan mai ƙosai" ma gori ne a wurinmu. Nan kuwa jikokin waɗanda aka kawo cikin sarƙa, har da Hausawa da suka yi bore a Bahiya tun 1807 kafin babban boren Musulmi na 1835, su ne suka mayar da shi abin alfahari.

Amma gaskiya, duk adon nan bai kai ƙosan safe na gida ba, ƙanana masu laushi a man gyaɗa, da koko a kwanon sha. Hajiya, in na zo da Babbar Sallah a jiƙa mini wake tun dare.