Hattara da masu tallan seleniyam a waya

Jama'a, a kula da masu tallata ƙwayoyi da ruwan ɗigawa na seleniyam a WhatsApp da Facebook, suna cewa yana maganin rashin haihuwa, ciwon daji, maƙoƙo, har da ƙanjamau. Sai ka tura kuɗi a aiko maka da kwalba ta tashar mota, babu adireshin kamfani, babu ranar lalacewa.

Suna fakewa ne da wata gaskiya: jiki na buƙatar wannan sinadari. Amma ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 55 a rana ga babban mutum. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kusan 15, kifi da nama da hanta su cike sauran. Hukumomin lafiya na Amurka sun sa iyakar a 400 a rana. To, a yi lissafi: ƙwaya mai 200, mai talla ya ce a sha sau uku "don ya yi saurin aiki", an kai 600 ke nan, ban da na abinci. Shi dai burinsa kwalba ta ƙare a sake saye.

A duba ma'aunin da ke jikin kwalbar. Idan an rubuta mcg ko µg, maikirogiram ne. Idan mg ne, wato miligiram, ya ninka maikirogiram sau 1,000. Rubutun ma ba tabbas ba ne in ba a san wanda ya haɗa maganin ba. A 2008 wani ruwan ƙarin lafiya a Amurka ya fito da seleniyam kusan ninki 200 na abin da ke rubuce, mutum 201 suka kamu da guba a jihohi 10.

Batun ciwon daji kuwa an gwada shi. An yi bincike a kan maza sama da 35,000, wasunsu na shan maikirogiram 200 na seleniyam kullum, aka dakatar da shi a 2008 don bai hana dajin prostate (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) ba. Maƙoƙo kuma yawanci rashin aidin ne ke kawo shi, gishiri mai aidin ya fi kwalbarsu araha.

Alamomin guba: numfashi na warin tafarnuwa, saboda jiki na fitar da rarar ta huhu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, gudawa, kasala, gashi na zubewa, farce na karyewa ko ya yi fararen layuka. A nan ne yaudarar ta fi muni. Ka kira mai talla, ya ce maka "dattin jiki ne ke fita, ci gaba da sha". Ƙarya ce. A daina nan take, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Babu makarin wannan guba, kuma gashi da farce kan ɗauki watanni kafin su dawo.

Lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da ke jikin kwalbar a bincika ta a rumbun hukumar na intanet, don ana buga ta bogi. Mai shan maganin ƙanjamau ko na daji kada ya ajiye shi saboda wannan kwalba.