Kyamarar ɗaurawa a bishiya ko mai sola da layi, amsa ga mai lambun kankana

Salamu alaikum jama'ar gida. Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, ban samu zama ba sai yanzu da na dawo daga ban ruwa. Ka ce wani abu yana shigar maka lambu cikin dare a fadamarku ta wajen Auyo, yana ƙwaƙule kankana yana aske ganyen salak, ka rasa dabba ce ko mutum, kuma kana so ka san wacce za ka saya tsakanin ƙaramar kyamarar nan mai batir da ake ɗaurawa a bishiya da babbar mai sola da ake saka wa layin waya. Duka biyun na yi aiki da su a lambunmu nan gefen Bunkure, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ita ƙaramar asalinta ta mafarauta ce da masu binciken namun daji, a Amurka da Turai ta fi yawa. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, kalar ɓawon itace, a gabanta akwai wani ɗan ido da ke jin ɗumin jiki. Barci take yi, sai abu mai ɗumi ya gifta ta farka ta ɗauka, masu kyau cikin ƙasa da rabin sakan. Da dare tana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, hoton ya fito fari da baƙi, nisan da take kaiwa kamar mita 15 zuwa 20. Yawanci batir 8 take ci irin na rimot mai ɗan kauri, hotunan kuma a memori suke zama, da safe ka zare ka duba. Ba ruwanta da sabis, ba ruwanta da data.

Mai sola kuwa daga ɗakinka kake kallon lambu a waya, kana juya kanta hagu da dama, tana turo maka saƙo in ta ga motsi, wasu har magana za ka yi a ji muryarka a can, wasu da jiniya. Abin sha'awa ne wallahi, daren farko ban yi barcin kirki ba ina ta leƙawa. To amma rayuwarta duka a kan sabis take, in sabis ya yi rauni hoton ya dinga tsayawa kenan, kuma kai da kanka ka taɓa cewa a fadamarku sai ka hau tudu kake amsa waya. Ga data da za ka dinga sakawa duk wata. Sannan sai an kafa ta a sama a kan turke saboda faranti ya samu rana kuma hannu kada ya kai, daga can sama kuwa gafiya ɗigo kawai za ka gani yana motsi. Kafin ta gama farkawa ta haɗu da intanet ma sau da yawa ƙaramar dabba ta wuce, sai ka buɗe saƙo ka tarar da kunya babu kowa. In kuma ta kunna farar fitilarta dabbar ta gudu, ta dawo ta ɗaya gefen, kai kuma har yanzu ba ka san wace ce ba.

Ni abin da ya sa nake son ƙaramar, bara ne karas da dankalinmu suka dinga lalacewa ta gefen magudana, ni kuma na riga na sa a raina awakin maƙwabcinmu ne, har na fara yi masa gaisuwa sama-sama, Allah ya yafe min. Na ɗaura ta a gindin darbejiya daidai gwiwa. Dare biyu ba komai sai kare. Dare na uku ƙarfe 2 da ƴan mintuna, don tana buga lokaci a ƙasan hoto, sai ga gafiya ƙatuwa ta fito daga ramin da ban taɓa lura da shi ba a ƙarƙashin kangon rijiya, idanunta suna walƙiya fari tas, ta tsaya a kan ƙafafun baya tana shinshina iska, sannan ta tono dankali tana cusawa a kumatu har fuskar ta kumbura gefe da gefe, ta koma ta juye ta sake dawowa, sau biyar na ƙirga. Gab da asuba zomo biyu suka zo suka hau ganyen karas. Akuya ko ɗaya ba ta shigo ba. Akwai kuma bushiya da take zagayawa kusan kullum, da yara sun gan ta da sun kashe, amma a bidiyon ƙwari kawai take tsinta tsakanin kunya, ba ta taɓa shuka ba, tun daga nan na hana a taɓa min ita.

Kada ka ɗauka ba ta da matsala fa. Tunda ɗumi take ji, a watan Afrilu da Mayu da zafi yake haura 40 da rana, jikin dabba da iskar wajen sun kusa zama ɗaya, sai ta dinga kuskure, da dare ne take dawowa daidai. Damo da guza da maciji ma sau da yawa sai su wuce ba ta farka ba saboda jikinsu ɗumin wajen yake bi, in su kake zargi akwai saitin da za ka sa ta ɗauki hoto duk minti ɗaya ko biyar ko da motsi ko babu. Ciyawa da rana ta gasa in iska tana kaɗa ta a gabanta, za ta cika maka memori da hoton banza, don haka ka share gaban da lauje. Ka juya fuskarta arewa, da rani rana ta kudu take karkata, in ka sa ta gabas ko yamma hantsi da la'asar za su wanke hoton. Lokacin hunturu ka dinga goge gilashin da tsumma mai laushi, ƙurar nan ita da farantin sola duk tana cutar su. Kuma babban abu, in ɓarawo ya gan ta ya tafi da ita, ya tafi da shaidar gaba ɗaya, nan kam mai sola ta fi ta, don wataƙila hoton ya riga ya shigo wayarka.

In za ka saya ka tambayi hasken darenta. Akwai mai lamba 850, fitilunta suna yin ɗan ja-ja kamar garwashi in mutum ya kalle ta, hotonta ya fi haske. Akwai mai 940, ba a ganin komai sam, hoton ya ɗan fi duhu. Tunda kana zargin har da mutum, ta biyun za ka nema. Batir ka sa alkalin, irin na tocila mai arha kwana kaɗan zai yi. In hoto kawai take ɗauka batir yana kai watanni, bidiyon dare ne yake shanye shi, ni sakan 10 nake sa mata. Memori mai GB 32 ya isa, amma ka gwada shi a gaban mai shago, an taɓa sayar min da na jabu na kwana huɗu ina jira na zo na tarar babu komai a ciki.

Abu guda da babu wadda za ta nuna maka shi ne tsutsa. In ɓarnar irin ta sharon ce, wadda ta cinye tumatirin Kadawa da Kura a 2016, wannan sai ka juya ganye da hannunka ka duba.

Shawarata dai ka fara da ƙaramar, don abin da ke gabanka yanzu ka san wane ne mai ɓarnar. Mai sola ta fi dacewa da wajen injin ban ruwa ko rumbu ko garke, inda mutum ake tsoro kuma ake so a sani a take, shi ma in akwai sabis. Ka duba inda sawu ya fi yawa da sassafe kafin a tattake, ka ɗaura ta taku huɗu ko biyar daga nan, ta kalli hanyar a tsaye yadda dabbar za ta taho tana fuskantarta, ka yafa mata ɗan kara ta baya ban da gaban idon. Ka ba ta mako guda kafin ka canza waje, wasu dabbobin sai warin hannunka ya gushe suke dawowa. In kankana ce ake fasawa a cinye jan cikin a bar ɓawo, ina zargin dila, amma ka turo mana hoton ɓawon da na sawun tukuna mu gani.