Ƙaramin Farin Allo na Hannu: Abin da Na Gani a Aji Biyu na Firamare

Ƙaramin farin allo na hannu, wanda ake rubutu a kansa da maka, wato alƙalami mai tawada, a goge da tsumma, ya yawaita a shagunan littattafai da kayan rubutu na Kasuwar Wunti da kewayenta a nan Bauchi. Girmansa bai wuce na littafin rubutu ba, gefe guda fari fat, ɗaya gefen an ja masa layuka, bakinsa kuma an kewaye shi da roba. Na saye shi ne saboda yaran da suka fi damuna a aji biyu, wato waɗanda suka shekara a makaranta amma har yanzu ba sa iya haɗa baƙi da wasali su fitar da gaɓa.

Babban amfaninsa, a ganina, shi ne yadda yake cire wa yaro tsoron kuskure. Littafin rubutu ba ya mantuwa, domin duk inda jan biron malami ya sauka, nan zai zauna har ƙarshen zango, abokan zama su gani, a gida ma a gani. Yaron da karatu ke ba wuya yakan gwammace ya bar shafin fayau da ya rubuta abin da za a yi masa dariya a kai. Akwai wata yarinya a ajina da ke rikita b da d, idan kuwa aka zo kan ɓ da ɗ sai ta rasa inda lanƙwasar za ta fuskanta, don haka kullum takan rufe littafinta da gefen hijabi da zarar na doso bencinsu. Da allon ya shiga hannunta, sai ta rubuta "ɗaki", ta duba na maƙwabciyarta, ta sa yatsa ta goge harafin farko ta sake, ba tare da kowa ya ce mata uffan ba. Yaranmu ba baƙin wannan tsari ba ne, tunda a makarantar allo sun saba a wanke a sake rubutawa. Daga can ne kuma wasu ke zuwa da sabon fara rubutu daga dama, kuma a kan wannan allo nakan ɗiga musu alama a kusurwar hagu domin hannu ya san inda zai tashi.

Malami ma yana samun sauƙi. A cikakken aji, zagayawa benci-benci don duba littafi yana cinye lokacin darasi, amma idan na faɗi gaɓa kamar "ƙa" ko "tsu" na ce, "To, yara, a ɗaga," a kallo ɗaya nake gane wanda ya kama da wanda ke satar kallon na kusa da shi. Shirin koyar da karatu da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa a jihohin Bauchi da Sakkwato, wanda aka fara a 2015, ya ƙarfafa a fara da sautin haruffa da gaɓoɓi cikin Hausa kafin a matsa wa yaro da Turanci, kuma wannan allo ya dace ƙwarai da irin wannan koyarwa mai buƙatar maimaici.

Inda matsalar take shi ne maka. Allon sau ɗaya ake sayensa, amma maka kullum ƙarewa take, kuma kuɗinta daga aljihun malami yake fita. Da hunturu ya kama, duk wadda aka bari ba murfi tsawon darasi ɗaya ta bushe ke nan, yara kuwa ba gwanaye ba ne wajen riƙe murfi. Sannan wasu masu shaguna suna haɗa maka mai goguwa da wadda ba ta goguwa a kwali guda; a wani shago irin ta biyun aka ba ni, kuma sai da na sa sifirit kafin allunan suka yi haske. Masu arha daga cikin allunan fuskarsu tana saurin karcewa, bayan 'yan makonni ta yi dishi-dishi, robar bakin kuma takan ɓalle idan allon ya faɗi a siminti. Dole ne kuma a tuna cewa abin da aka goge ya tafi, saboda haka nakan sa kowane yaro ya kwafe kalmomin da ya rubuta daidai a littafinsa kafin a tashi, domin iyaye su ga ci gabansa.

Ga malamin da ke ware ƙaramin rukuni bayan an tashi, ko uwar da ke zama da ɗanta bayan Magariba, ina ganin allon ya ci kuɗinsa, muddin an gwada rubutu da gogewa a gaban mai shago kafin a biya. Amma wanda ke son wadata aji gaba ɗaya, gara ya je wurin kafinta a yanka masa falanki ƙanana a shafa musu baƙin fenti, domin kwalin alli ya fi maka araha nesa ba kusa ba, kuma iskar hunturu ba ta busar da shi.