An kore ka daga aiki ko an riƙe maka albashi a Kebbi: wace ƙofa za ka buga?

Kafin ka je ko'ina, tattara takardunka: takardar ɗaukar aiki, shaidar albashi daga banki, takardar tuhuma da amsarka, da ta sallama. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku. Kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki da wani ya rubuta maka, domin ita ce ke kashe ƙararraki da yawa.

In kana cikin ƙungiya kamar ta malamai (NUT) ko ta ma'aikatan ƙananan hukumomi (NULGE), fara da ita. Kuɗin da ake cire maka duk wata na wannan ranar ne, kuma ta fi ƙarfi idan matsalar ta shafi mutane da yawa, kamar bashin albashi ko ƙarin girma.

Ma'aikacin kamfani, masana'antar shinkafa ko makarantar kuɗi ya tafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Birnin Kebbi. Kyauta ne, suna kiran mai aiki a zauna sulhu. Ga ma'aikacin gwamnati akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ita ma kyauta, amma shawara take bayarwa, ba hukunci ba, kuma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu.

Hukunci mai tilas yana Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin rikicin aiki. A nan mutanenmu ke asara: a kai ƙara wurin 'yan sanda ko kotun shari'a, a ɓata watanni, daga baya a ce ba huruminsu ba ne. Ma'aikacin gwamnati ya shigar da ƙara cikin wata uku, domin lauyoyin gwamnati kan kafa hujja da dokar kare jami'ai su ce lokaci ya wuce. Zaman sulhu ba ya tsayar da wannan wa'adi.

Wajen ɗaukar lauya, tambaye shi ko ya taɓa shari'a a wannan kotun, ku rubuta kuɗinsa har da na zuwa Sakkwato. Ka auna kuma abin da za ka samu. A kamfani mai zaman kansa, kotu ba kasafai take mayar da mutum bakin aiki ba, diyya take yankewa. Wanda doka ta tsara aikinsa, kamar ma'aikacin gwamnati na dindindin, shi ake iya mayarwa da albashinsa na baya. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Rauni a wurin aiki hanyarsa daban. Dokar diyya ta 2010 ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a nemi diyya daga hukumar inshorar ma'aikata (NSITF) cikin shekara ɗaya, tare da rahoton likita.