Nijar: a riƙe sefa ko a buga sabon kuɗi?

Tunda Nijar, Mali da Burkina suka bar ECOWAS a 2025 ake ta tambayata, to sefa fa, a riƙe ko a yar? Sefa dai manne take da yuro, shi ya sa farashi ba ya hauka irin na naira, amma fa BCEAO, babban bankin da ke buga sefa, mai hedkwata a Dakar, shi ke da wuƙa da nama, ba Yamai ba. Sabon kuɗi akwai 'yanci sai dai tsada wallahi, in babu dala da zinare a ajiye zubewa zai yi, Mali ta gwada a 1962, 1984 ta dawo. Mai shigo da kaya sefa ta fi masa. Ƙasar da asusunta ya cika kuma talakawanta za su jure, ta buga nata.