Koren ya yi min, mai fentin ne ya bar ni da bango kala biyu

Masu tambayata wa ya yi mana fentin falo a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, ga amsarku gaba ɗaya. Sunansa ba zan kama ba, kuma ba zan tura kowa wurinsa ba.

Fari muka daɗe da shi, kuma duk mazaunin Maraɗi ya san yadda ƙurar hunturu ke yi wa farin bango, kafin watan Fabrairu ya koma ja-ja. Shi ya sa na ce wannan karon kore nake so. Bangon bayan kujeru na zaɓa masa mai duhu da ɗan toka-toka, irin ganyen bedi in ƙura ta hau shi, sauran ukun kuma tsanwa mai haske. Maigida ya so ya hana, wai falo zai yi duhu. Bai yi ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, in ka shigo daga rana sai ka ji idonka ya huta. Ban ce yana rage zafi ba, wannan aikin fanka ne, amma wallahi zaman falon ya fi daɗi. Labulena ruwan ƙasa da tum-tum ɗin fata da na gada wurin Inna sun fito fes a kansa. Hannun mai fentin kuma yana da tsabta, bai ɗiga min ko ɗigo a kujera ba. Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Abin da ya ɓata min rai haɗin kala ne. Ya je Babbar Kasuwa ya sayo farin fentin ruwa da ƙananan kwalaben kala, shuɗi da rawaya, yana haɗawa da ido, bokiti bayan bokiti. Ina tsaye na ce masa, "Malam, ga duro nan babu komai ciki, ka zuba duka ka gauraya lokaci ɗaya mana." Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan sana'ar a cikinta na tashi." Bokitin farko ya ƙare masa a tsakiyar dogon bangon da ke kallon ƙofa, ya haɗa na biyu ya ci gaba. Da yake fentin ruwa kalarsa tana sauyawa in ya bushe, ranar ba wanda ya lura. Washegari da safe na buɗe taga, sai ga layi tun daga sama har ƙasa, daidai gefen makunnin wuta. Hagu tsanwar da na zaɓa, dama kuma rawaya ta yi mata yawa. Bangon da baƙo ke fara gani in ya yi sallama ke nan.

Na kira shi, ya ce in bari ya gama bushewa. Ya bushe, layi na nan. Ya dawo ya ce ƙwan lantarki ne. E, gaskiya ne kore yana bin haske: farin ƙwai yana ja da shi wajen shuɗi, mai ruwan ɗorawa yana mayar da shi kamar ya tsufa. Amma ni da rana tsaka nake nuna masa, ba fitila ko ɗaya a kunne. Ƙarshe ya ce zai sake shafe bangon in na ƙara kuɗin fenti. Ni da na ba shi shawara ya ƙi, ni zan biya? Ranar suna da aka cika falon, ƙanwar maigida ta ja ni gefe tana tambaya ko kuɗi ne suka yanke mana a tsakiyar aiki. Har yau in na tuna raina sosuwa yake.

Na ɗauka shi ke nan, sai damina ta tona sauran. Bangon da ya haɗu da banɗaki sabon shafen siminti ne, kuma sabon siminti yana son kamar mako huɗu kafin a sa masa fenti, in ba haka ba danshi da kaifinsa su cinye kalar. Shi bai jira ba, bai yi shafen farko da ake yi kafin fenti ba, kawai ya ɗora kore. Cikin watan Agusta farin gishiri ya fara fitowa daga ƙasan bangon, fenti yana kumbura yana ɓarewa. A farin bango da ba za a gani sosai ba, amma a kore mai duhu daga bakin ƙofa ake hangowa. To tsabtar hannun da na yaba ma, me ta amfana min?

Koren dai ba zan canja ba, har ɗakin yara shi zan sa. Na riga na yi magana da wani mai fenti, sai watan Oktoba in ruwa ya ɗauke bango ya sha iska. Sharaɗina da shi: a kankare wurin gishirin, a gwada kalar a ɗan gefe ta kwana mu gani da rana da dare, a haɗa duka cikin duro ɗaya a gabana, a rage min galan guda na ajiye saboda gyara. Ya yarda da duka, har ya ce duron ma shi zai kawo.