Wata tara da injekta Bosch EV14 masu cc 550 a kan B18 mai turbo

Wata tara ke nan da na ɗaura injekta huɗu, wato na'urorin da ke fesa wa inji fetur, ƙirar Bosch EV14, masu cc 550, a kan injin Honda B18B da na sa wa turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Na daɗe ina son in faɗi abin da na gani game da su, amma maganar ba za ta fito daidai ba sai na fara da waɗanda suka riga su hawa injin, domin a hannunsu na sha wahalar da ta sa na zauna na yi lissafi.

B18B inji ne mai silinda huɗu, lita 1.8, yana fitowa daga kamfani da ƙarfin doki wajen 140, injektocinsa kuma masu cc 240 ne. Ma'anar wannan lamba ita ce idan aka bar injekta ɗaya a buɗe na minti guda, fetur cc 240 za ta fesa. Wannan ya wadaci injin yadda aka ƙera shi. Amma da turbo ya fara cusa iska, dole mai ya bi ta. In bai bi ba, wutar cikin silinda ta yi zafi fiye da kima, abin da ke biyo baya kuwa narkewar fistan ne. Burina shi ne doki 270 a jikin inji, da matsin turbo bar 0.7 (bar ma'aunin matsi ne).

Da farko ban yi wani lissafi ba. Abin da ke raina kawai kada mai ya gaza, sai na sayi wasu masu cc 1000 da ba su da sunan kamfani a jiki, ba takarda a kwalin, ba komai sai injekta huɗu a cikin leda. Ranar da aka tayar da motar, ta kama, amma silo ya ƙi zama. Allurar tana hawa tana sauka, salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai yaji a ido. Na'urar auna iska da mai, wadda ya kamata ta tsaya kusa da 14.7 a silo, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai (in lambar ta sauka mai ya yi yawa, in ta hau ya gaza), sai yawo take tsakanin 11 da 16. Idan na kunna fitila da fanka abin ya ƙara lalacewa. Bayan sati biyu na kwance fulogi, huɗun duka sun yi baƙi, na silinda ta uku har da danshi, na shafa da yatsa ya fito kamar na taɓa gindin tukunya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na zaro sandar awon baƙin mai na kai hanci, warin fetur na ji. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin mai, inji ya riƙa cin kansa a hankali ba tare da ka sani ba.

Na kai motar wajen dattijon da ke saita min kwamfutarta, mutum ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ɗauki injekta ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Ɗana, ina takardarsu?" Na ce, "Baba, babu, haka suka zo." Ya ce, "To da me kake so in gaya wa kwamfuta yadda suke? Ita ba ta gani, abin da aka rubuta mata shi take bi." Ya ɗora su a kan injin gwaji, wanda ke da kwalaben gilashi huɗu a jere masu zanen awo, ya sa suka yi ta fesawa. Gani ya kori ji. Da aka tsaya, ruwan kwalba ta uku ya ɗara sauran a fili, ta ɗaya kuma ta gaza. Feshin ɗaya daga ciki ma ba hazo yake fitarwa ba, tsartuwa yake kamar bakin buta.

A nan ya jawo takarda ya sa ni na yi lissafin da hannuna, kuma shi ne abin da nake so duk mai niyyar sayen injekta ya yi kafin ya saya. Ana farawa da ƙarfin da kake nema a jikin inji, ba a taya ba, domin giya da sauran kayan tafiya suna cinye wani kaso kafin ƙarfi ya isa ƙasa. Mota mai jan gaba da ta nuna doki 230 a taya, injinta na kusa da 270. Sai ka ninka da yawan man da kowane doki ke sha a awa, abin da ake rubutawa BSFC. Injin da ba turbo yana shan laba 0.45 zuwa 0.50, mai turbo kuwa 0.55 zuwa 0.65, saboda ana ƙara masa mai da gangan don a sanyaya wuta. Mun ɗauki 0.60. Doki 270 sau 0.60 ya ba da laba 162 a awa. Raba wa silinda huɗu, kowace ta sami 40.5. Daga nan sai a raba da 0.80, ya zama 50.6, a ninka da 10.5 don a mayar da shi cc a minti. Amsa ta fito 531. Masu cc 550 ke nan, da ɗan rara.

Wannan 0.80 ɗin ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne mutane suka fi tsallakewa. Inji mai bugu huɗu yana juyawa sau biyu kafin kowace silinda ta sake neman mai. A juyi 6,000 a minti, wannan tazara milisakan 20 ce kacal. Injekta na buƙatar ta buɗe, ta fesa, ta rufe, ta ɗan huta a cikin wannan lokaci. Idan ta shafe milisakan 16 a buɗe, ta ci kashi 80 cikin 100 ke nan. Ka matsa ta kusa da 100, ba ta ƙara rufewa sosai, kwamfuta ta rasa iko da ita, kuma ranar da aka yi sanyi iska ta yi nauyi, ko turbo ya ɗan zarce inda aka saita shi, babu sauran man da za a ƙara.

Ɗaya gefen kuma shi ne silo, inda masu cc 1000 suka kayar da ni. Injin da ke tsaye yana silo ɗigon mai kaɗan yake so. Abin da mai cc 240 za ta fesa a milisakan 2, mai cc 550 za ta gama shi ƙasa da milisakan 1, mai cc 1000 kuwa a rabin milisakan. Kowace injekta tana da jinkiri tsakanin lokacin da wuta ta shige ta da lokacin da allurarta ta ɗaga, wajen milisakan 1 ne, kuma yana ƙaruwa idan wutar batir ta ragu. In kwamfuta ta yi kuskuren milisakan 0.1 a wannan jinkiri, ga ƙaramar injekta kashi 5 cikin 100 ne, ga mai cc 1000 kuwa kashi 20. Shi ya sa kunna fitila da fanka ke rikita min silo. Adalcin magana, ba girman kaɗai ne laifin ba. Akwai manyan injekta na zamani, irin su ID1050x na Injector Dynamics, da ke zuwa da cikakken jadawalin jinkiri, ana sa su a ƙananan injuna su yi silo lafiya lau. Nawa girma ne ba bayani, ga rashin daidaito a tsakaninsu.

To, ga EV14 ɗin. Abin da na fara dubawa kafin in saya shi ne ko mai sayarwa zai ba ni takarda biyu, wato sakamakon gwajin kowace ɗaya, da jadawalin jinkiri a ƙarfin wuta daban-daban. Ya ba ni. Duk da haka sai da muka ɗora su a kan kwalaben gilashin nan, domin jabun injekta masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni suna yawo, kuma a ido da wuya ka bambance. Ruwan kwalabe huɗun ya tsaya kai ɗaya, kamar an ja layi da rula. Feshin kuwa hazo ne mai laushi, da an yanke wuta ya ɗauke cak, bakin bai bar ko ɗigo ba. Na sa mita a kan kowace, om 12 da ɗan ɗoriya (om shi ne ma'aunin turjiyar wutar lantarki), wato irin masu babbar turjiya ne, daidai da waɗanda kwamfutar wannan injin ta saba tuƙawa. Wannan ma abin lura ne, domin akwai masu om 2 zuwa 3, in ka haɗa su kai tsaye da kwamfutar da ba a yi ta dominsu ba za ka iya ƙona ta.

Ɗaurin bai zo da sauƙin ciro wannan ka sa wancan ba. EV14 na zuwa da tsawo iri uku, gajere, matsakaici da dogo, kuma zoben robar kansu milimita 14 ne, ramin bututun mai na Honda kuwa 11. Sai da na nemi hular da ke haɗa su, da soket ɗin da ke juya bakin wayar Honda zuwa nasu. Ka auna tsohuwar injektarka daga roba zuwa roba kafin ka yi oda. Ka shafa wa robar ɗan mai kafin ka tura, ka kunna makulli famfo ya cika bututu ba tare da ka tayar da inji ba, ka bi kowace da busasshen tsumma. Fetur a kan inji mai zafi ba abin wasa ba ne.

Da Baba ya shigar da jadawalin cikin Hondata S300, na'urar da ke kan kwamfutar wadda ake saita ta da ita, bai ɗauki rabin awa ba silo ya zauna a juyi 800. Na kunna fitila, na kunna fanka, na'urar ta ɗan motsa ta koma 14.7. Wallahi na jima a zaune a kujerar ina sauraron injin kawai. Da safe tana kamawa a bugu ɗaya. A tafiyar hankali, inda a da take fizga idan na ɗan taɓa totur, yanzu sumul take tafiya. Idan na take har ƙasa a giya ta uku, awon iska da mai yana sauka wajen 11.8 ya tsaya nan har ƙarshen juyi, kuma mafi yawan abin da na gani a rikodin kwamfuta kashi 78 ne na lokacin buɗewa. Lissafin takarda ya ce 77.

Akwai wata rana guda da na tsorata, kuma ba laifin injekta ba ne. Ƙarfin feshin da ake rubutawa a kwali a matsin bar 3 ake auna shi, kuma abin da ke aiki shi ne bambancin matsi tsakanin bututun mai da iskar da injekta ke fesawa a cikinta. Idan turbo na tura bar 0.7, dole matsin mai ya hau zuwa 3.7, aikin wani siririn tiyo ne da ke zuwa kan na'urar daidaita matsi. Tiyon nan ya zame min. Bambancin ya koma 2.3, masu cc 550 suka zama kamar masu 480 daidai lokacin da injin ya fi bukatar mai. Na ga lambar awon iska da mai ta haura 13 ina cikin gudu, alamar mai ya gaza, na ɗaga ƙafa nan take. Tun ranar na ɗaure shi da kilif. Famfon mai ma na canza shi zuwa Walbro mai lita 255 a awa tun kafin turbo, don injekta ba ta fesa abin da famfo bai kawo ba.

Iyakarsu a bayyane take, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Wani abokina da ke neman doki 350 ya tambaye ni ko ya saya, na ce a'a, lissafinsa na kai wa kusan cc 690. Ya ce zai ƙara matsin mai. Na nuna masa cewa feshi ba ya bin matsi kai da kai, daga bar 3 zuwa 4 kashi 15 kacal za ka samu, wato 550 ta zama wajen 635, famfo na ƙara wahala, jinkirin buɗewa na ƙaruwa, kuma har yanzu ba ka kai ba. Mai son amfani da E85, man da galibinsa etanol ne, shi ma su ba nasa ba ne ko a doki 270, domin wannan man sai an ƙara wajen kashi 30 a kan abin da fetur ke bukata. Amma inji mai silinda huɗu a kan fetur, da ke tsakanin doki 200 zuwa 280, kuma ana hawansa kullum ba ranar tsere kaɗai ba, ban ga abin da zan nema a injekta da waɗannan ba su ba ni ba.

Satin da ya wuce na canza baƙin mai, na kai sandar awo hanci kamar yadda na saba tun wancan lokaci, ba warin fetur. Na kwance fulogin huɗu na jera su a kan tsumma bisa tsarin silinda, duka launin ƙasa-ƙasa mai haske, na uku bai bambanta da na ɗaya ba. Na goge su na mayar. Idan sun cika shekara zan cire injektocin in sake kai wa Baba ya ɗora su a kan gilashi, mu ga ko har yanzu layin nan ɗaya ne.